Lissafin Mai Duba Rufi

Ni aka ɗauka in duba rufi.
Aka ba ni babur, da tsani guda,
da littafin rasit mai warin kananzir.
Ƙauyuka sittin da uku, ni kaɗai,
daga bakin titin Gujungu
har inda fadama ke haɗiye hanya.

Ranar buɗe ofis an yanka rago.
An kawo hatimi daga Kano, an shimfiɗa wa tebur ƙyalle,
an rubuta allo da fenti kore.
Da dare na kunna fitila na haɗa lissafi:
kuɗin shagalin nan kaɗai
bandir goma sha biyu ne na kwano,
rufin aji biyu, har da canjin ƙusa.

Daga ina kuɗin?
Ku tambayi Tabawa mai daddawa,
da ake yaga wa tikiti duk ranar kasuwa.
Ita ke zuba min mai, ita ta sayi tawadar hatimi.
A ƙarƙashin bunu take kwana,
ba ta taɓa jin ruwa na kiɗa a kan kwanonta ba.

Mati kafinta ya zo yankar lasisi.
Kuɗin fom, kuɗin hoto, kuɗin mota zuwa da komawa,
kwana biyu guduma na hutu.
Bai yi gardama ba.
Ya je ya ɗora a kan Malam Sagir,
wanda ya sayar da riɗinsa kaf don ya rufe ɗaki.
Kuɗi suka ƙare saura falle shida.
Yanzu in ya kwanta, taurari yake ƙirgawa
ta kusurwar da rasit ɗina ya cinye.

Tsoho Talle ba shi da takarda.
Doka ta ce in karɓe masa zarto.
Na hau rufinsa, na taka, na yi tsalle,
ko ƙis.
Kowace ƙusa ya lanƙwasa mata wutsiya,
katako ya sha baƙin mai, gara ta yi fushi ta koma.
Na sauko, na sha furar da aka dama min,
ban buɗe littafi ba.

Kada ku ce na ce a rufe ofis.
Ina nan, shekarar da babu mai duba kowa,
da falle guda ya tashi daga shagon Barau,
ƙusa huɗu a inda ake sa goma,
ya bi iska kamar wuƙa
ya sami Ɗan'asabe yana koro awaki.
Yana nan da rai. Da sanda yake tafiya.
Wanda ya yi aikin ya ce ƙaddara ce,
kuma babu takardar da za a ƙwace masa.

Amma ga nawa laifin, tunda lissafi nake.
Ɗakin shan magani na Dorawar Tela,
ɗan kwangila mai lasisi a cikin gilashi.
Watan nan ba a ba ni kuɗin mai ba.
Na sa hannu daga kan kujera.
Guguwar farko ta naɗe rufin kamar tabarma,
ta ajiye shi a gonar gero.
Aka sake fitar da kuɗi. Tabawa ta sake biya,
ba ta ma sani ba.

To, nawa ne kuɗin tsaron?
Nawa ne kuɗin rashinsa?
Na jera su, na kasa cire wani daga wani,
don ban san farashin ƙafar yaro ba.

Gabas ta yi baƙi.
Uwani na jera kwanoni a tsakar ɗakinmu,
ta san inda kowane ɗigo ke sauka.
Rabin lita ce a tanki.
Ana buga rufi yau a ƙauyuka biyu,
ɗaya kudu, ɗaya arewa.
Na ɗaure tsani. Na buga babur, ya ƙi.
Na sake bugawa.